ZUMUNTA A ƘAFA TAKE: SHIRIN ZIYARARMU ZUWA TSAUNIN TULA

(Jawabin kwamitin tafiya a wajen taron ƙungiya na wata-wata, a nan garin Gombe)

 



A taron da ya gabata kun ɗora mana nauyi, mu biyar, cewa mu duba maganar fita yawon buɗe ido da matasa suka kawo, mu zo muku da wuri, da rana, da yadda za a yi. To mun zauna har sau uku, mun tambayi direbobin da ke bin hanya, mun kuma tambayi 'yan uwanmu masu zuwa cin kasuwannin kudancin jiha. Abin da muka tsayar shi ne a tafi tsaunin Tula, cikin ƙaramar hukumar Kaltungo. Yanzu za mu kawo muku dalili, sa'an nan mu kawo tsari, daga baya kowa ya tofa albarkacin bakinsa.

ME ZAI KAI MU KAN DUTSE?

Mun san akwai dattawan da suka ce wannan aikin Turawa ne da 'yan boko, ɗan kasuwa ba ya rufe shago don ya je kallon dutse. Maganarsu tana da nauyi, domin kuwa tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da sai an yi lissafi. Amma muna roƙon iyayenmu su dubi abu uku.

Na farko, hawan dutse ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Kano a gindin Dala ta tsiro, har gobe kuma wanda ya hau Dala ko Goron Dutse yana ganin birni shimfiɗe a gabansa. Zazzagawan da ke cikinmu sun san Kufena da Turunku, Zamfarawa sun san Kwatarkwashi. Kakanninmu a jikin duwatsu suka fara kafa gari. Malamanmu na Islamiyya kuma sun karantar da mu cewa tafiya a bayan ƙasa don lura da halittar Ubangiji abu ne mai kyau, ba wasa ba ne.

Na biyu, 'ya'yanmu. A nan aka haife su, a Jekadafari da Bolari da Herwagana da Tudun Wada da Pantami. Garin nan tun 1919 aka dawo da sarauta cikinsa daga Nafada, jirgin ƙasa ya iso a 1963, iyayenmu suka biyo auduga da gyaɗa da hatsi suka zauna. Ranar 1 ga Oktoban 1996 aka cire Gombe daga Bauchi ta zama jiha mai ƙananan hukumomi 11. To a tambayi yaro a gidajenmu ya lissafa su. Zai kawo Gombe da Akko da Dukku, wataƙila da Funakaye saboda simintin Ashaka, daga nan sai ya fara susar ƙeya. Huɗun da ke kudu, watau Billiri da Kaltungo da Balanga da Shongom, sunansu kawai yake ji a rediyo. Yaron da zai yi makaranta da 'ya'yan mutanen nan, ya yi aiki da su, ya nemi ƙuri'arsu ko su nemi tasa, ya kamata ya taɓa ganin inda suka fito.

Na uku, kuma shi ne babba, zaman tare. Kowa a nan yana tune da abin da ya faru a Billiri cikin watan Fabrairun 2021 a kan gadon sarautar Mai Tangale. An rasa rayuka, an ƙona dukiya, aka sa dokar hana fita, motoci suka kasa wucewa Yola. Duk lokacin da irin wannan ta tashi, ɗan kasuwa baƙo shi ke fara ji a jikinsa, domin shagonsa a bakin titi yake. Abin da ke tsare baƙo a ranar tsanani shi ne maƙwabcin da ya san shi tun ranar daɗi. Akasarin mutanen kudu sun san mu ne da mudu da buhu lokacin kaka. Muna so ko sau ɗaya su gan mu mun zo gaisuwa, hannunmu riƙe da goro, 'ya'yanmu na biye da mu.

ME YA SA TULA?

An kawo wurare da dama. Wasu sun ce Mambila, can jihar Taraba. Wurin yana da kyau ƙwarai, amma tafiya ce ta kwana da kwanaki, aljihun ƙungiya ba zai ɗauka ba. Wasu sun ce Yankari, to Yankari dawa ce ta namun daji da ruwan Wikki, ba wurin hangen ƙasa ba. Wasu kuma sun ce dutsen Bima, wajen Dadin Kowa inda aka datse kogin Gongola a 1984. Bima tana da matsayi a zukatanmu, domin sunanta yana haɗe da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya baro Sakkwato bayan Turawa sun shige ta a watan Maris na 1903, ya yi gabas da jama'arsa, har ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yulin shekarar. Sai dai hawan Bima aikin ƙafa ne, na masu jini a jika. Mun ajiye ta sai baɗi in Allah ya kai mu, a haɗa da ziyarar Burmi ta wajen Bajoga.

Ita Tula mota tana kai mutum har sama, saboda haka dattijo mai ciwon gwiwa ba a bar shi a baya ba. Nisanta daga nan kusan kilomita 100 ne. Ana bin titin Yola, a wuce Kumo, a wuce Billiri, a isa Kaltungo, bayan nan a bar babban titi a fara hawa. Tun daga Billiri ƙasa take canza kama, shimfiɗaɗɗen filin da muka saba da shi ya ƙare, duwatsu su fara tasowa ɗaya bayan ɗaya, wani mai tsini kamar an fiƙe shi. A can sama iska tana da sanyi, kuma daga bakin tsaunin mutum yana hangen kwari da gonaki da ƙauyuka har iyakar ganinsa, shanu a ƙasa kamar tururuwa.

Kuma ba dutse kaɗai za mu gani ba, gari ne mai mutane da tarihi. Mutanen Tula kashi uku ne, Wange da Baule da Yiri, suna da sarkinsu Mai Tula. Harshensu dabam ne da na Tangale, ya fi kusa da na Waja da Cham da Dadiya. Shi kuwa Tangale, masana harsuna sun ce dangin Hausa ne na nesa, tushensu ɗaya, abin da da yawanmu ba su taɓa ji ba. A jikin gangara za ku ga yadda suke jera duwatsu hawa-hawa su tare ƙasa don kada ruwan sama ya wanke ta, su yi noma a inda mu za mu ce ko akuya ba za ta tsaya ba. Manoman cikinmu da zaizayar ƙasa ta dame su, kuma duk mun san yadda kwari ke cin gidaje a garin nan, suna da abin koyo a wurin. A zamanin Turawa a Tula aka ajiye cibiyar mulkin yankin Tangale-Waja, har da gidan yari. Akwai kuma kogon dutse da mutanen wurin ke cewa a ciki ake ɓoye mata da yara in yaƙi ya zo.

A nan akwai magana da ya wajaba mu faɗa wa matasa. Ba don shan iska kakannin mutanen nan suka zauna kan dutse ba. A ƙarni na 19 mahaya dawaki daga ƙasashen sarakuna sukan kai hari su kama mutane, doki kuwa ba ya hawan dutse. Mutanen Tula suna alfahari da cewa ba a ci su da yaƙi ba. In mai yi mana jagora ya kawo wannan tarihi, a saurara da ladabi. Nasa ne, a gidansa yake ba da shi, ba mu je musu ba.

RANA DA LOKACI

Wanda zai je hangen nesa, abokin gabarsa biyu ne, ruwa da hazo. Da damina hanya takan yi santsi, gajimare ya rufe ƙasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hunturu yakan kawo ƙura, mutum ya sha wahalar hawa ya tarar ba ya ganin komai sai fari fat. Tsakanin biyun akwai 'yan makonni, daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta gama bushewa ba, sararin sama garau. Saboda haka muka zaɓi Asabar ta biyu a watan Nuwamba.

Mun san Lahadi ta fi mana sauƙi, domin ciniki yakan yi sanyi. Amma yawancin masu masaukinmu Kirista ne, tun 1917 'yan mishan suka sauka a Kaltungo, kuma Lahadi ranar ibadarsu ce. Yadda ba za mu so baƙo ya tsare mu da surutu ana kiran sallar Juma'a ba, haka su ma. Hasarar cinikin Asabar ɗaya, mu ɗauke ta a matsayin kuɗin goro.

Ga yadda ranar za ta kasance. A yi asuba a masallacin unguwa, a hallara ƙofar ofishin ƙungiya, mota ta tashi ƙarfe 6:30. Wanda ya makara ya yi haƙuri, ba za a tsayar da mutum talatin saboda mutum ɗaya ba. A tsaya Kaltungo a karya kumallo a sha ruwa. Kafin ƙarfe 10 muna so a ce mun hau, mun kai gaisuwa fada, sa'an nan a ba mu wanda zai zaga da mu. A yi azahar a sama, a ci abinci. Ƙarfe 3 daidai a fara gangarowa, la'asar a Kaltungo, magariba a gida in Allah ya yarda. Ba ma son dare ya same mu a hanya ko kaɗan.

Game da salla, waɗanda suka karanta Risala sun san tafiyar da ake ƙasaru a cikinta mil 48 ce, tamu kuwa ta haura haka. Liman yana cikin tafiya, shi zai faɗi hukunci, mu bi. Akwai Musulmi 'yan uwanmu a Kaltungo da Tula, amma duk da haka kowace mota ta ɗauki tabarmi da butoci da jarkar ruwan alwala, kada mu ɗora wa mutane nauyi.

'YAN SHARE FAGE

Ba a faɗa wa gari da mota biyu cike da baƙi babu sallama. Sakatare zai rubuta takarda zuwa fadar Mai Tula, da kwafi ga ƙaramar hukumar Kaltungo da ofishin 'yan sanda na yankin, a faɗi ko mu su wane ne, mu nawa ne, da abin da ya kawo mu. Mako biyu kafin ranar, mutum uku za su kai takardar hannu da hannu, dattijo ɗaya, direba ɗaya, da ɗaya daga cikin 'yan uwanmu masu cin kasuwar yankin wanda aka san fuskarsa. Su za su dubo mana halin da hanya take ciki bayan damina, inda mota za ta tsaya, inda mata za su kama ruwa, da abin da ya dace a ba mai jagora. In suka dawo suka ce masu gari sun nemi a canza rana, a canza. In suka ji ƙishin-ƙishin wata fitina a hanya, a ɗage, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

MAGANAR MOTA

Bas biyu za mu ɗauka masu kujera 18, watau mutum 36 ke nan, ɗaya ta maza ɗaya ta iyayenmu mata da 'yan mata. Kujera ɗaya mutum ɗaya, babu ɗosane, babu goyon yaro a cinya. Yaran da suka kai shekara 12 ne za su je, kowane da babban da ke riƙe da shi.

Direbobin cikinmu sun ja mana kunne cewa hawa ba shi ne abin tsoro ba, gangara ce. Direban da ya saba da shimfiɗaɗɗen titi yakan ɗora ƙafa a birki tun daga sama, birki ya yi zafi, kafin a kai ƙasa ya daina kamawa. Ƙa'ida ita ce a sauko da ƙaramar giya, ta ɗaya ko ta biyu, inji ya riƙe mota, birki ya zama mataimaki. Ba a kashe inji a gangara don tsimin mai, ba a kuma wuce mota a kwana. Don haka ba za mu ɗauki direba don arha ko don ɗan wane ne ba, sai wanda ya taɓa hawa Tula da mota. Ana jibi tafiya a kai motocin gareji, a duba birki da taya da safaya da jak da ruwan lagireto. Takardun mota da lasin su cika saboda shingayen hanya, kowa kuma ya riƙe katin shaidarsa. A cika tanki tun daga Gombe.

LAFIYAR JIKI

Ga wata magana da ba ma so a ɗauke ta da wasa. Ƙasar Kaltungo ta yi suna da macizai, musamman kububuwa, wadda wasu ke kira gobe da nisa. Ƙarama ce, launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye, dafinta kuma yana hana jini daskarewa. Lokacin shuka da lokacin girbi aka fi samun sara, mu kuwa lokacin girbi za mu je. Saboda yawan abin ne ma aka yi asibiti na musamman na saran maciji a Kaltungo, inda ake kawo mutane har daga jihohin maƙwabta, kuma a can aka gwada maganin dafin nan EchiTAb.

Ba mun faɗi haka don a fasa ba ne, mutane suna zaune a wurin shekara da shekaru. Rigakafi ne. Kowa ya sa takalmi rufaffe da safa, babu silifa, babu fita daga turba a kutsa ciyawa, babu cusa hannu a ramin dutse ko ɗaga dutse don wasa. In ƙaddara ta faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A cire zobe da agogo, a hana mutum tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi a sa a mota sai Kaltungo. Addu'a a cikin mota za a yi ta, ana tafiya.

Masu hawan jini da ciwon suga su zo da maganinsu, su kuma sanar da kwamiti a asirce. Dattawa su sa hula da rigar sanyi mara nauyi. Matasa masu ɗaukar hoto da waya, mun san halinku, bakin dutse ba wurin ja da baya ba ne. Inda mai jagora ya ce a tsaya, nan ne iyaka.

LADABIN BAƘO

A Gombe mu mazauna ne da aka karɓa hannu biyu, a Tula kuwa baƙi ne na yini ɗaya, don haka ladabin ya ninka. Kwamiti yana roƙon abubuwa kamar haka.

Kada a ɗauki hoton mutum, balle mace, sai da izninsa. Gidan yari da ofishin jami'an tsaro ba a ɗaukarsu sam. Akwai wuraren da masu gari ke girmamawa bisa al'adarsu, in an ce ba a shiga, ba a shiga, ba sai an tambayi dalili ba. Kada a taka jeren duwatsun gona, domin gumin wani ne, kada kuma yaro ya tsinki ko da zangarniya ɗaya. In an miƙo abin sha ko abinci da addininmu bai yarda da shi ba, a yi godiya da fara'a a ce an ƙoshi, ba tare da yatsina fuska ba. Ba wa'azi muka je ba, ba kamfen ba. Akwai kuma kalmomin raini da wasu suka gada suna kiran mutanen dutse da su, kun san su ba sai mun ambata ba. Duk wanda bakinsa ya saba da su, ya wanke shi tun daga gida, ko ya bar wa wani kujerar.

Sa'an nan mu 'yan kasuwa, ranar nan ba awo. Kada wani ya ga dawa ta yi kyau ya fara tambayar nawa buhu. A sayi 'ya'yan itace da ɗan abin tsaraba a hannun mata da yara, a biya yadda suka faɗa, kada a tsaya ja-in-ja kan abin da bai taka kara ya karya ba. Guzurinmu na gida, gurasa da dambun nama da ƙuli-ƙuli da dabino, a ci tare da wanda ke kusa. Ledar ruwa da takarda kowa ya mayar cikin buhun da za mu ajiye a mota, mu bar wuri yadda muka same shi.

KUƊI

Ma'aji zai karanta adadin bayan wannan jawabi, amma ga yadda muka raba. Kuɗin mota da mai a kan matafiya, kowa da kujerarsa. Goron fada da sallamar mai jagora da akwatin magani daga asusun ƙungiya. Muna kuma neman gudummawar littattafan rubutu da biro daga masu shagunan kayan makaranta, a kai wa makarantar firamare ɗaya da masu gari za su zaɓa da kansu. Kujera shida mun keɓe wa marayun unguwanninmu, masu hali su ɗauki nauyinsu, Allah ya ba da lada. Za a rufe rubuta suna mako uku kafin tafiya, kuma suna ba ya shiga littafi sai da kuɗi a hannu, domin mai mota ba ya karɓar alkawari. Bayan an dawo, ma'aji zai kawo lissafin kowace kwabo a gaban taro.

Abu na ƙarshe, in Allah ya sa an karɓe mu, za mu gayyaci dattawansu da matasansu su ma su zo mana nan Gombe, su ci tuwonmu, mu zaga da su Tudun Hatsi da babbar kasuwa, su ga inda amfanin gonarsu yake ƙarewa. In aka yi haka sau biyu sau uku, ranar da wani ɗan tsurku ya zo da jita-jita, a can da nan za a sami wanda zai ɗaga waya ya kira wani da sunansa ya tambayi gaskiyar magana.

Wannan shi ne abin da kwamiti ya kawo. Mai gyara ya gyara, mai ƙari ya ƙara. Allah ya kai mu lafiya ya dawo da mu lafiya, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, ya albarkaci kasuwanninmu da zuriyarmu.